Zinaren Da Na Ci Ina Barci

Masu karatu, kafin wani ya sake turo min barka, bari in jera muku maganar yadda aka koya mana a ajin aikin jarida: wa, me, a ina, yaushe.

Sunana Barira Muntaka, daga wani ƙauye a bayan Tofa. Ina shekarar ƙarshe a wata kwaleji da ke gaba da Rijiyar Zaki, ni ce kuma editar jaridar ɗalibai, wadda muke mannawa a jikin allo tunda takarda ta yi tsada. Wata ranar Alhamis, da ƙarfe goma na safe, na lashe tseren mita dubu biyar na mata a gasar kwalejoji da aka yi a Bauci. Haka rediyo ta faɗa. A daidai wannan lokacin ina kwance a ɗakin kwanan ɗalibai, na rufe fuska da hijabi saboda ƙuda, ina barcin safe karo na biyu.

Ni ban taɓa gudu ba. A gidanmu in kaza ta shiga shanyar gero, kallonta nake yi in ƙwala wa wani kira.

Ranar Juma'a Inna ta bugo min waya.

"Auta, ashe haka kike?"

"Yaya nake, Inna?"

"Gida ya cika. Ki taho ranar Lahadi, an sa walima."

Na isa na tarar da tsakar gidanmu ba wurin ajiye ƙafa. Inna ta ɗaura atamfarta mai zanen ganye, wadda ba ta fitowa daga akwati sai biki. A gefen rumbu an tara abin barka: sabulu, ƙullin omo, kwanukan gero, har da kaza ɗaure da tsumma. Wannan fa a shekarar da mutane suka daina tambayar kuɗin mudu da ƙarfi, sai a raɗa.

Baba, aka ce min, ya yi fushi na awa ɗaya cif. Tambayarsa guda ce: da wane irin kaya ta yi gudun? Aka nuna masa hoto a waya, wata yarinya daga nesa, dogon wando, hijabi har gwiwa, lamba a ƙirji. Ya daɗe yana kallo, ya ce alhamdulillahi, ya sa aka yanka bunsurun da yake tanadi don Sallah. A majalisa ya gaya wa mutane ƙafar kakata na gado.

Na ja Inna ɗaki na saki labule.

"Inna, ba ni ba ce."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Ni na haife ki. Ko fitowa duniya sai da kika ƙara sati biyu."

"To me ya sa kika karɓi barka?"

"Mata sun shigo da guɗa, in ce su haɗiye? An ci ƙosai, an ci nama. Ta ina zan bi in karɓo daga cikinsu? Ke dai kada ki kuskura Babanki ya ji. Mutumin da bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, kwana uku yana yawo da wannan a bakinsa."

Yanzu sai in gabatar muku da Iliyasu. Mataimakin koci ne a kwalejinmu, dogo, baƙi, ko zance ya zo usur na rataye a wuyansa. Shekara guda yana nema na, Baba ya san da shi. Sai dai Baba yana da doka: ba a ba saurayi hoto kafin a sa rana. To wata biyu da suka wuce Iliyasu ya karyar da kai ya ce, "Edita, ki ara min katin shaidarki na makaranta kwana uku, in riƙa kallon fuskarki." Na ba shi. Ku yi dariya, na yafe.

Daga ɗakin Inna na tura masa saƙo.

"Koci, ina katina?"

"Edita, barka da nasara."

"Ina katina?"

"Yana cikin ƙoshin lafiya."

"Ya je Bauci?"

Ya yi ta rubutu yana gogewa. Can sai ga amsa: "Ya je ya dawo."

Bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida. Alhaji Dabo ne, daraktan wasannin kwaleji, cikin shadda ruwan bula mai aikin hannu. Ya ciro lambar zinare daga aljihu ya rataya min. Igiyar tana ƙamshin man kaɗanya da zufar wata. Wani ya aro lasifikar mai tallan magani, aka miƙa masa makirufo, ya gyara hannun riga.

"Jama'a, wannan yarinya, tun ranar da na ga tafiyarta na ce wannan barewa ce. Da hannuna na zaɓo ta, da hannuna na horar da ita. Barira abin alfaharinmu ce!"

Aka rangaɗa guɗa. Matar wana ta ɗauki komai a waya. Shi kuwa ya sunkuyo kamar zai sa min albarka ya ce, "Ki yi murmushi. Gobe ki dawo min da ita ofis."

Sati biyu bayan nan takarda ta same ni a aji. Kwalejin da ta zo ta biyu ta kai ƙara, ta ce wadda ta yi gudu ba ɗaliba ba ce. An kafa kwamitin bincike. Laifin da ake tuhuma ta da shi: ba da aron katin shaida don magudi. Hukuncinsa kora. Wata uku suka rage min in gama. Baba ya sayar da gonar fadama kafin in shiga makarantar nan, kuma ba shi da wata fadamar.

Alhaji Dabo ya kira mu ofis, ni da Iliyasu. Bai ce mu zauna ba.

"Magana ɗaya ce. Ke kika yi gudu. In kwamiti ya ce ki zagaya fili sau ɗaya ko biyu, ki zagaya. Koci, kana da kwana goma."

"Ranka ya daɗe," in ji Iliyasu, "kwana goma..."

"Ba aikinka ke nan ba?"

Da muka fito na tsaya a gindin darbejiya na harɗe hannu. Iliyasu ya yi bayani ba tare da ya kalle ni ba. An ce in sashen wasanni bai kawo komai ba bana, za a rufe shi. Ɗalibai mata suna zuwa aji ba karin kumallo, wa zai ce su zagaya fili sau goma sha biyu da rabi? Darakta ya ce shi ya riga ya samo mai gudu, kati kawai ake nema, na yarinyar da ba ta da surutu.

"Sai ka tuna da editar jarida," na ce.

"Ke kaɗai za ki ba ni ba tambaya."

Na rubuta wannan a zuciyata, na ja masa layi biyu.

Duk da haka na gwada, don kada a ce ban gwada ba. Ranar Asabar bayan sallar asuba muka haɗu a hanyar da ta ratsa gonakin gero zuwa Tofa. Na sa kambas ɗin wana, ya yi min yawa, na cusa tsumma a gaba. Iliyasu ya hau mashin ɗinsa bai tayar ba, saboda mai, yana turawa da ƙafa. Ya busa usur.

Zan faɗi abin da na gani da idona. Na wuce tsamiya ta farko lafiya. Kafin ta biyu haƙarƙarina ya fara magana. A gindin ta biyu na zauna a kan kunya, na cire kambas, na ce a gaida kwamiti.

"Edita, ko mita ɗari biyu ba a yi ba."

"Ka auna da kyau. Ni na ji dubu uku."

Muna cikin haka sai ga wata yarinya ta ɓullo daga cikin gero, kwandon tumatir a ka, tana sassarfa, ko hannu ba ta sa wa kwandon ba. Siririya, ƙafa duk raɓa. Ta wuce mu, ta yi taku biyar, ta juyo.

"Koci? Kai ne?" Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi kambas. "Wannan ce Barirar?"

"Ni ce," na ce. "Ke ma na ji ke ce."

Ta yi dariya har kwandon ya girgiza. Sunanta Larai, 'yar wani manomi da ake kira Shago, daga unguwar Kiristocin da ke ƙetaren rafi. Kullum da gudu take kai kaya bakin titi kafin motar Kano ta tashi, shi ne duk horon da ta taɓa samu. Ta sauke kwandon ta zauna kusa da ni.

"Shekara biyu takarduna na wajen Alhajinku," ta ce. "Ya ce in na ci zai ba ni gurbin karatu. Na ci. Yanzu ko wayata ba ya ɗagawa. Abin wuyan ma da ya sa min a coci, kafin a gama cin shinkafa ya karɓe."

"A coci?"

"Ranar Lahadi mana. Godiya muka yi."

"Wace Lahadin?"

Ta faɗa. Lahadin walimarmu ce.

Ashe Shago ba ya karɓar wakili. Ya ce wanda ya zo ya ɗauki 'yarsa, shi zai dawo da ita hannu da hannu a gaban jama'a, in ba haka ba shi da kansa zai kai ta ƙofar kwaleji ya yi bayani. Alhaji Dabo ya je da niyyar ya tsaya a baya ya sulale. Sai mai gabatarwa ya hango shadda, ya ce ga babban baƙo, ya miƙa masa makirufo. Masu karatu, ku faɗa min tsakaninku da Allah: kun taɓa ganin babban mutumin da aka miƙa wa makirufo ya mayar?

Larai ta ciro wayarta daga ƙullin zani. Gwaggonta ta ɗauki bidiyo. Na kalla sau biyu. A na biyun ina bin maganar da baki, don na haddace ta.

Iliyasu ya jingine mashin ya tsuguna a gabana.

"Edita, in kika nuna wannan, za su tambaye ki yadda katin ya bar hannunki."

"Za su tambaya."

"Me za ki ce?"

"Abin da ya faru."

Ya tsinki ganyen gero yana yagawa siri-siri. Shi ma'aikacin wucin gadi ne, takarda ɗaya ta isa ta raba shi da aikin, kuma da wannan aikin yake ciyar da mahaifiyarsa a Bacirawa. Na san wannan tun kafin in buɗe baki.

Ranar zaman kwamiti daga gida na tashi. Inna ta zaɓar min hijabi ruwan ƙasa, ta ce yana sa mutum kama da marar laifi. Sannan ta zaunar da ni a kan turmi, ta shafe min idon sawu da man zafi, ta naɗe da bandeji.

"In sun ce ki yi gudu, ki ce ƙafar ta gurɗe. Ki ɗingisa."

"Inna, wannan ta hagu kika ɗaure, ni kuma da ta dama na iya ɗingishi."

"To ki koya kafin ki isa titi. Auta, ki rufa mana asiri."

Baba na zaure yana gyaran fartanya. Ya ga bandejin ya ce, "Haka 'yan wasa suke fama. Allah Ya ƙara sauƙi." Na amsa da amin a hankali ƙwarai.

Mutum biyar ne a kwamitin. Shugabarsu Dakta Maijidda, mace mai tabarau a ƙarshen hanci, wadda ba a taɓa jin ta maimaita tambaya ba. Ba wuta, fanka a tsaye, kowa na fifita da fayil. Iliyasu na zaune a kujerar ƙarshe, ba usur a wuyansa. Larai na waje a kan benci, ni na ce ta zo.

Alhaji Dabo aka fara ji. Ina tsammanin zai ce ni na yi gudu. Ashe ya leƙo ta taga ranar da nake hawa matakalar ofishinsa ina haki, ya sauya shawara.

"Ranki ya daɗe, ni ma yaudarata aka yi. Wannan yaron da wannan yarinyar soyayya suke yi, kowa ya sani. Su suka ƙulla abinsu. Waccan da ake cewa Larai, wallahi ko a hanya ban taɓa ganinta ba. Shawarata a kore su duka biyun, a wanke sunan kwaleji."

Ya zauna yana gyara hula. Dakta Maijidda ta juyo gare ni.

"Barira, kin yi gudun nan?"

"A'a."

"Me ya sami ƙafarki?"

"Inna ce."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta bar maganar.

"Ta yaya katinki ya je Bauci?"

Masu karatu, a nan ne. Na yi tunanin in ce ya ɓace. Kati yana ɓata, kowa ya sani. Amma wanda ya ɓatar da kati bai kai rahoto ba, shi ma dokar ta hau kansa, kuma ƙaryar farko ce ta tara mu a ɗakin nan. Na kalli allon bango, ban kalli kujerar ƙarshe ba.

"Malam Iliyasu ne ya karɓa a hannuna."

"Ya faɗa miki abin da zai yi da shi?"

"Ya faɗa."

"Me ya ce?"

"Ya ce zai riƙa kallon fuskata."

Sakataren kwamiti ya ɗago ya ce in maimaita a hankali, yana rubutawa. Na maimaita. Wani dattijo a cikinsu ya rufe baki da fayil, kafaɗunsa na rawa.

"Malam Iliyasu?"

Ya miƙe. "Haka aka yi, ranki ya daɗe. Ba ta san komai ba. Ni na cuce ta."

"Kun ji ko!" in ji Alhaji Dabo. "Da bakinsa!"

Na nemi izini na leƙa waje na karɓo wayar Larai. Na ajiye ta a kan tebur, na ajiye tawa mai bidiyon matar wana a gefenta, na danna su tare.

Alhaji Dabo biyu suka bayyana, shadda ɗaya, hula ɗaya. Na hagu a gaban rumbunmu, na dama a gaban mawaƙan coci. Suka gyara hannun riga kusan lokaci guda. "Jama'a, wannan yarinya, tun ranar da na ga tafiyarta na ce wannan barewa ce. Da hannuna na zaɓo ta, da hannuna na horar da ita." A suna kawai suka rabu. Na hagu ya ce Barira, na dama ya ce Larai, aka yi guɗa a nan, aka yi tafi a can.

Har fifitar aka daina.

"Irin wannan shaddar ta cika kasuwa," in ji Alhaji Dabo.

"Muryar ma a kasuwa ake yankarta?" in ji Dakta Maijidda. "A shigo da yarinyar."

Larai ta shigo ta durƙusa ta gaida kowa, ta juya ta ce, "Alhaji, ina wuni? Baba yana gaishe ka. Ya ce takarduna."

Awa biyu muka yi a waje kafin a kira mu. Ga hukuncin, yadda aka karanta shi. Za a mayar da lambar zinare. An dakatar da darakta, an miƙa maganarsa ga hukumar gudanarwa, wadda ba a faɗi ranar zamanta ba. An sallami mataimakin koci daga yau. Barira Muntaka za ta karɓi takardar gargaɗi saboda sakaci da kati, ta ci gaba da karatunta. Game da Larai ba a karanta komai ba, tunda ba ɗaliba ba ce. Dakta Maijidda dai ta rubuta lambar wayarta a bayan fayil. Ban ce muku za a kira ta ba. Na ce an rubuta.

Na tsaya sa hannu a takardar gargaɗin. Da na fito, kujerar ƙarshe ba kowa, gindin darbejiya ba mashin. Na zagaya sashen wasanni, a kulle. Na kira Iliyasu sau biyu, bai ɗaga ba. Na zauna a kan matakala na warware bandejin, na naɗe shi tsaf na sa a jaka. Na samu abin da na zo nema, kuma ban ji daɗin da na zata zan ji ba. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Na hau adaidaita daga Rijiyar Zaki, mu huɗu a baya, wata mata ta ɗora min buhun masara a cinya. Ina ta shirya yadda zan shiga zaure, da kalmar da zan fara da ita. Mun wuce gidan man ƙarshe wayata ta yi ƙara.

Iliyasu ne.

"Edita, kin faɗi gaskiya, kuma kin faɗe ta da kyau. Saura mutum ɗaya da bai ji ba, kuma ba ke ya kamata ki faɗa masa ba. Ina ƙofar gidanku. Baba ya shimfiɗa min tabarma, yana tambayata ko ƙafarki za ta warke kafin gasar baɗi. Zan gaya masa da bakina. In ya kore ni, ya kore ni. Ki ce wa mai adaidaitan ya tafi a hankali."

Na karanta sau biyu. Na ture buhun masarar gefe, na taɓa kafaɗar direban.

"Malam, don Allah ƙara wuta."